Madubin da Ya Saka a Kasuwa

"Nawa kake sayar da madubin?"

Injiniya ya ɗago daga kwalin da yake ɗaurewa. Auta ce tsaye a ƙofar ɗakinsa, waya a hannu, ko sallama ba ta yi ba.

"Haba, Zuciyata... ke da kayanki? Ɗauka kawai."

"Talla na gani, saye na zo yi."

Ita ta koya masa wannan sana'a. Tun suna aji biyu a jami'a take sayar wa sababbin ɗalibai abin da ba ta buƙata: littattafan da ta gama da su, takalmin da ya matse ta, tsohuwar butar lantarki. Da kuɗin makarantarsa ya gagara bara, sai ta shiga sayar da abin da take buƙata ma. Fanka ta tafi, risho ya bi bayanta, ta ƙarasa zangon tana fifita da bangon littafi.

Ta koya masa ya goge kaya, ya ɗauki hoto inda haske yake. Abu ɗaya ta manta ba ta gaya masa ba: mai ɗaukar hoton madubi ya fara duba abin da ke bayansa.

Ta miƙa masa wayar, ta buɗa hoton da yatsu biyu. Ga shi nan cikin madubin. A bayansa kuma, bakin katifa, mace ce zaune ba ɗankwali, tana yanke farce kamar a ɗakinta.

"Yayata ce. Uwa ɗaya, uba ɗaya. Ka ce min idona ne, wallahi zan yarda."

Bai ce ba. Ya ci gaba da jan igiyar kwalin.

"Na so in gaya miki bayan jarrabawa. Ba na son karatunki ya lalace."

"Allah sarki, mai tausayi."

"Auta, ke komai sai kin yi gardama. Ita tana da natsuwa, tana girmama mutum..."

"Fankata ba ta yi gardama ba ranar da ta biya maka makaranta."

"Kin ji ko? Gori. Abin da nake gudu ke nan."

Ta hau mota zuwa gida tana neman kalmomin da za ta tausasa wa Mama labarin, saboda hawan jininta. A falo ta same ta, Yaya na gefe, tsofaffin riguna da jakunkuna zube a gabansu.

Ta durƙusa ta nuna hoton. Mama ko tabarau ba ta nema ba.

"Mun sani. Ya zo ya gaishe ni."

"Mama... kun sani?"

"Yayarki ta bar makaranta ta duƙufa kan keken ɗinki don ke ki yi karatu. Ƙannen ƙawayenta duk suna ɗakunansu. Ke kina da takardu, gobe wani zai zo. Ita wa zai zo mata?"

"Ni yake nema, Mama. Ni na kawo shi gidan nan."

"To kin kawo alheri gida. Ki yi haƙuri, hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar."

Masu wannan karin magana ba su taɓa faɗin yadda za a yi ba idan hannun ne ya shaƙe wuyan mai shi.

Yaya ta yi magana, kanta a ƙasa. "Ƙanwata, ban shirya hakan ba. Ranar da kika aike ni in kai masa kuɗin makarantar nan, na tarar bai ci komai ba, sai na..."

"Sai kika zauna."

"Sai na zauna."

Auta ta dubi uwarta, tana jiran kalma ɗaya tak da za ta riƙe. Mama ta turo mata tulin kayan da ƙafa.

"Tunda Allah ya kawo ki, ke kika iya cinikin nan na waya. Waɗannan ba za ta tafi da su gidan miji ba. Ki sayar mata, a rage hidima."

Auta ta so ta miƙe. Sai ta ga yatsun yayarta, duk sun yi kanta saboda allura, ta fasa. Ta jawo riga ta farko ta fara ninkewa, hannunta ya san aikin, bai jira zuciyarta ba. Hawaye ya ɗiga a wuyan rigar, wani ya biyo shi.

"Ɗaga fuskarki daga kai," in ji Mama. "Tabo yana karya farashi."