Rigar Mazari a Bangon Tanki

Ranar da Malama ta fara ganinsa, tsaye yake a bakin kududdufi da raga a hannu, wandonsa duk laka. Ɗalibin jami'a ne mai binciken ƙwari. Wani ƙaton mazari yake nema, mai tsawon tafin hannu, da korayen idanu da zoben rawaya a jela.

Ta ce, "Sannu, Mai Raga. Kifin sama kake kamawa?"

Ya yi murmushin gajiya. Daga nan aka fara.

Da magana ta kai gida, Baba ya ce, "Ba na ba da 'yata ga mai bin ƙwari. Ya gama karatun, ya sami aiki, sannan ya zo." Karatun kuwa ba zai ƙare ba sai ya gano ruwan da mazarin ke hayayyafa.

Damina ta wuce, wata ta zo. Wani mai kantin magani ya fara aiko da gaisuwa, Inna kuma ta daina ɓoye ra'ayinta. Malama ta gaji da ba da haƙuri a gida, shi ya gaji da bin rafuka. Saƙonninsa suka gajarce, har ta ɗauka son ne ya yi sanyi.

Ta rubuta masa: "Mai Raga, na gaji. Baba ya ce damina na ɗaukewa zai amsa wa mai kanti."

Ya amsa: "Fitilata, kunya ce ta hana ni zuwa. Ko ɓawo ɗaya ban samu ba."

"Wane ɓawo?"

"Ɗan mazari a ruwa yake girma. In ya isa, sai ya hau bango ko kara, bayansa ya tsage, ya fice ya bar rigarsa a maƙale. Ita ce shaidar."

Malama ta daɗe tana kallon wayar. Kullum labarin fukafukai da idanu yake ba ta, bai taɓa kwatanta mata wannan ba. A bayan ajin da take koyarwa akwai tsohon tankin ruwa a inuwar bishiya, cike da ruɓaɓɓen ganye. Kowace safiya takan kakkaɓe wasu busassun abubuwa daga bangonsa da tsintsiya, don kada yara su tsorata.

"Gobe ka zo makaranta, kafin in yi shara."

Ya zo. Ga ɓawon a maƙale, ga sabon mazari a samansa yana shanya fukafukai, idanunsa kore shar. Mai Raga ya zauna a ƙasa, ya sauke ajiyar zuciya.

"Fitilata, ashe aurenmu kike sharewa kullum?"

"Kai ma daji ka yi ta tambaya, ka bar matarka."

Ya gama karatun, ya sami aiki a ofishin kula da ruwa. Ranar ɗaurin aure Baba ya riƙe hannunsa, ya ce, "Allah Ya yi muku albarka, ɗana. In ka sake rasa wani abu, ka fara tambayar mai tsintsiya."