Ɗorawar Kakin Zuma

Insifekta Lukuman bai gama shan kokonsa ba sai ga wata yarinya ta faɗo ofishinsa, Saje Bashar na biye da ita yana cewa ta tsaya. Ina, ta riga ta shige.

"Yallaɓai, an sace mini ɗorawata."

"Kalwar ko garin?"

"Iccen gaba ɗaya. Na kakin zuma."

Sunanta Wasila, 'yar Malam Arzika mai zuma, daga wani ƙauye a bayan Tsafe. Ƙungiyar Inuwa, masu wa'azin dashen itace, sun shirya wa matasa gasar zane da sassaƙa a kan yadda daji ke ƙarewa. Jiya kowa ya kai aikinsa zauren taro a nan Gusau, yau bayan la'asar alƙalai za su duba. Da safe aka buɗe, nata ya yi ɓatan dabo.

"In ba ya nan da la'asar an fidda ni," in ji ta. "Kuma in rana ta taɓa shi, narkewa zai yi."

Insifekta ya leƙa taga. Bazarar 1998 ce, ranar da ko ƙadangare neman inuwa yake. Ya ture kokon ya ɗauki hularsa.

Zauren ya cika da hayaniya. 'Yan Kwatarkwashi sun jera duwatsu masu zanen namun da suka ɓace, wasu 'yan Damba sun ɗinka katuwar saniya da baƙar leda, ga keken ɗinkin da za a ba gwani yana ta sheƙi a kan tebur. Insifekta ya tsaya a gabansa.

"Saje, ɓarawon da ya bar keke ya ɗauki kaki, ba yunwa ta kawo shi ba."

Aka kira mai gadi, Baba Ɗanlami.

"Ko taki ɗaya ban yi ba daga ƙofar ga," ya ce.

"To, ashe ba ka yi sallar asuba ba."

"Subhanallahi! A sahun gaba na yi ta."

"A masallaci?"

Tsoho ya sosa ƙeya. Ya yarda ya je masallaci, ya kuma ɗan biya wajen mai shayi, amma ya rantse ƙofa a kulle ya bar ta, a kulle ya same ta.

Yara suka fara nuna wani saurayi da baki. Zaharaddeen ne daga Bungudu, wanda kowa ya san shi da Wasila ke kan gaba. Ya zana ƙoramar garinsu da jar ƙasa, yadda zaizaya ta cinye gonaki.

"A Bungudu na kwana," ya ce. "Yanzu na sauka daga mota."

Insifekta ya dangwala yatsa a gefen zanen, ya ɗago shi jajawur.

"Zanen da ya kwana a wannan zafi bai bushe ba?"

Zaharaddeen ya amsa laifinsa. Ashe gari na wayewa ya haura ta taga don ya ƙara wa zanensa launi, abin da dokar gasa ta hana.

"Amma wallahi ko da na shigo teburinta wayam yake. Har murna na yi, Allah Ya yafe mini."

Tagar kuwa da ƙyar shi kansa ya wuce, balle faifan da Wasila ta kafa iccen kakin a kai. Ta ƙofa aka fita ke nan, kuma da makulli. Makullan biyu ne: ɗaya na shugabar ƙungiya, Hajiya Zuwaira, ɗaya na sakatare, Malam Jatau.

Hajiya ta zaro nata daga bakin zane tana ta salati. Malam Jatau, dogo mai zaƙin baki, ya ce nasa yana gida tun jiya, ya kuma ɗora da jawabi a kan lalacewar tarbiyya har sai da Insifekta ya ce masa ya isa.

Insifekta ya ja Wasila gefe. "Faɗa mini abin da ke kan faifan, kada ki bar komai."

"Ɗorawar bayan gonarmu ce, da amyar Baba rataye a rassanta. Ga masu gatari biyu. Ga wani tsaye yana nuna musu iccen da sanda."

"Kin san shi?"

"A'a, daga nesa na hange shi bara. Na dai yi shi yadda na gan shi: malafa mai jan baki, da sanda mai lanƙwasa. Da aka sare iccen, Baba ya kai ƙarar mai malafar wajen mai gari, aka ce mafarki ya yi, ɓarayin dare ne. Har yau ana yi masa dariya."

Insifekta ya ji tausayinta ƙwarai, ya kuma san ya kusa.

Ya fito baranda. Ga iccen dogon yaro mai faɗin inuwa a bakin zaure, babu kowa a ƙarƙashinsa. Can tsakiyar fili, a tsakar rana, wata tsohuwar mota ce a ajiye.

"Baba, motar wa ce waccan?"

"Ta Malam Jatau. Ni ma abin ya ɗaure mini kai. Kullum ƙarƙashin iccen ga yake aje ta, har faɗa yake in wani ya riga shi. Yau kuma ko malafar tashi bai sa ba."

Insifekta ya sauka da gudu, Saje na bin sa, yara suka ɗungumo a baya. Tun kafin su isa suka ji ƙugi. Ƙudan zuma ne suka yi dandazo a bakin but ɗin motar, ƙamshin kaki mai ɗumi ya kira su.

"Malam Jatau, zo ka buɗe."

"Yallaɓai, mangwaro ne a ciki, shi suke bi."

"Madalla, muna so."

Da aka ɗaga murfin, fili ya kaure da ihu. Ga faifan, ga malafa mai jan baki da sanda mai lanƙwasa a gefensa. Ɗorawar ta lanƙwashe, rassanta sun zube, amyar ta narke ta bi ƙasa. Mai nuna sandar ne kawai ke tsaye ƙyam, don da waya Wasila ta ƙarfafa shi.

Jatau ya zauna daɓas a ƙasa.

"Ni ne ke kai masu motar itace daji," ya ce a hankali. "Da sunan ƙungiya na zagaya ƙauyuka, na san inda manyan itatuwa suke. Jiya da na ga kaina a kan tebur, na san in gari ya waye kowa zai gane ni. Na ce ba sai na sa hannu ba, rana ta ishe shi."

Saje ya ruga da faifan inuwa. Hajiya Zuwaira ta ce za a ba Wasila lokaci ta gyara kafin alƙalai su zauna.

Wasila ta dubi faifan. "A bar shi haka, Hajiya. Haka ɗorawarmu ta koma."

Ana cikin haka wani dattijo ya kutso cikin taron, da ƙurar hanyar Tsafe a ƙafafunsa. Malam Arzika ne, ya zo ganin gasar 'yarsa. Ya dubi ɗan mutumin kaki, ya dubi Jatau da Saje ke sa wa ankwa.

"Yallaɓai," ya ce, "in za ku kai shi, don Allah ku biya da shi ta ƙofar mai garinmu. Ina so ya ga mafarkin nawa da idonsa."

"Da kaina zan tuƙa motar, Baba," in ji Insifekta, ya buɗe wa Jatau ƙofar baya ta motar 'yan sanda.