Kwalaben da Karimatu Ta Sa a Firji

Ranar Talata gab da magariba Dakta Karimatu ta dawo gidanta na Arkilla rungume da kular ƙanƙara. Injin wutar wurin aikinsu ya mutu, gidanta kuwa akwai sola. Cikin kular ƙananan kwalabe ne huɗu na wani furotin da aka haɗa a ɗakin gwaji, irin wanda ke umartar ƙwayoyin ɗan tayi su zama zuciya. Shekara tara tana bincike a kansa, ko ta gano abin da ke sa a haifi jariri da rami a zuciya. Ta tura su firji kusa da kindirmo.

Ladan bai idar da kira ba dutse ya faɗo bisa kwanon rufi. Sai wani. Mijinta Sirajo ya zagaya gida, ko kyanwa babu. Ya dawo ya tarar da ɗiyarsu Bahijja, 'yar shekara goma sha huɗu, ta kafa kunne jikin firji tana rarrashin jinjiri da muryar da ba tata ba.

Kwana uku yarinyar ba ci ba sha. Karimatu, wadda ba ta yarda da abu sai ta auna, ita da ƙafarta ta je Wamakko ta ɗauko Malam Jinaidu mai ruƙiyya. Uwa dai uwa ce, kowane irin boko ta yi.

Bayan la'asar Malam ya yi ta karatu har gumi ya jiƙa masa rawani. Can Bahijja ta ɗago kai a hankali.

"Bar ƙona ni, Malam. Ni ma uwa ce."

"Mi kike biɗa ga wagga yarinya?"

"Jinjirina na haihwa, zuciyatai ba ta cika ba. Na ji uwar yarinyar ga ta ce abin cikin kwalabe shi ka sa nama shi zama zuciya. A ba ni in tahi." Ta juyo wajen Karimatu. "Zai warke? In ba zai warke ba, ina nan. In rasa nawa, in riƙe taki."

Wayyo! Karimatu ta fi kowa sani. A farantin gwaji kaɗai abin nan ke aiki, ko ɓera bai taɓa warkarwa ba. Iyaye nawa suka tare ta da kuka, ta ce musu ba magani ba ne?

"Hajiya, faɗa mata gaskiya," in ji Malam. "Ba a yi musu ƙarya."

Karimatu ta dubi leɓɓan ɗiyarta da suka tsattsage.

"Zai warke."

"Kwana bakwai. In ya mutu zan dawo, kuma babu karatun da zai fisshe ni."

Bahijja ta yi atishawa ta zube. Aka buɗe firji, babu kwalba ko ɗaya. Malam ya naɗe buzunsa ya fita, bai ƙara duban Karimatu ba.

A zaure Sirajo ya tare ta. "Zai yi kuwa?"

"A'a."

Maƙwabta suka yi ta shigowa barka, Karimatu na amsawa. Ta daina zuwa aiki. Bahijja kuwa ba ta tuna komai, har ta fara maido jiki.

Ran kwana na shida, Karimatu na yi mata kitso a tsakar gida, yarinyar ta ce, "Mama, kullum in kin yi sujada ina jin kina roƙon Allah ya raya wani jinjiri. Ɗan wa ne?"

Karimatu ta matse ta tsakanin gwiwoyinta.

"Ba ki san shi ba. Ki dai ce amin."