Gara da Akwatin Laburare

'Yan aji shida suna kiranta Gara, don in ta kama littafi sai ta cinye shi tas. Da za a sayo sababbin littattafai, Malamar laburare ta miƙa mata wani akwati.

"Kowa ya rubuta wanda yake so ya jefa a nan. Ki kwafe min su duka a takarda ɗaya."

Gara ta zauna bakin taga, ta zazzage takardun. Wani ya nemi littafin gyaran keke. Ta taɓe baki. "Wa zai karanta wannan?" Ta tsallake. Na ƙwari ma ta tsallake.

Sai ga wata 'yar takarda: "Ina son littafi kan yadda jikin yarinya ke sauyawa in ta fara girma."

Gara ta sake karantawa. "Tabɗi! In Hedimasta ya gani, ai mun shiga uku." Ta dunƙule ta, ta cusa a aljihu.

Ta kai wa Malama abin da ta kwafe, littattafai suka iso, duk na labarai, irin waɗanda take so. Yara suka leƙo, suka dudduba, suka fice.

Babbar ƙawarta ce kaɗai ta tsaya. Ta yi ƙasa da murya. "Nawa bai zo ba. Kunyar tambayar Mama nake ji, shi ya sa na rubuta."

Gara ta tuna da takardar da ta cusa a aljihu. Ta tafi wajen Malama, ta faɗi gaskiya duka.

"Hedimasta ya ce ki cire?" in ji Malama.

"A'a, Malama."

"To, kin tambaye shi?"

Gara ta sunkuyar da kai. "Tsoro na ji."

"Taso mu je."

A ofis, Gara ta karanto duk abin da ta tsallake. Hedimasta ya gyara tabarau.

"Ni ma 'ya'ya mata gare ni. A sayo su duka, na jikin yarinya kuwa guda uku." Ya sa hannu.

Bayan mako biyu, laburare ya cika maƙil, har wasu a ƙasa suke zaune. Malama sai faɗi take, "A hankali, kar ku karya min ƙofa!" Ƙawar Gara ta fito da nata a rungume, tana murmushi.

Daga ranar Gara ta gane: laburare na kowa ne. Ba a cire littafi don ba ka son shi, ko don tsoron faɗan da ba a yi ba.