A Sayar da Teague Ko a Riƙe Shi

Ranar Lahadi ce a farkon Mayu, 'Yan Fito, ƙungiyar besbol, wasan da ake bugun ƙwallo da sanda, ta garin Port Alder, suna shan kashi a gida kamar yadda suka saba. Elvin Tavárez ya gaji da kallon fili, sai ya leƙa littafin budurwar da ke zaune kusa da shi tana rubuta yadda wasan ke tafiya da fensir.

"Wannan da kika rubuta ba bugun kirki ba ne, kuskuren mai tsaro ne. Ƙwallon daga hannunsa ta faɗi."

Ba ta ɗago ba. "Taɓa hannunsa dai ta yi. Ko kai aka ajiye a wurin ba za ka kama ta ba."

"Ni gyaran na'urar sanyaya ɗaki nake yi, ba wanda ya ɗauke ni aikin kama ƙwallo."

"To ka tsaya a gyaranka."

Sai a lokacin ta dube shi. Marubuta sun cika takarda da cewa so ta ido yake shiga. Wataƙila haka yake ga masu sa'a. Shi Elvin ta gardama ya shige shi, kuma irin wannan ya fi wuyar fita.

Sunanta Renata Dombek, ma'aikaciyar jinya. Littafin na mahaifinta ne, Kaz, wanda shekara talatin da ɗaya bai bar wasan gida ko ɗaya ya wuce bai rubuta ba. An yi masa aikin gwiwa, shi ne ya turo ta da fensir biyu da kashedi mai yawa.

Kafin a tashi Elvin ya karɓi lambarta, wai don ya sanar da ita hukuncin da masu filin suka yanke kan ƙwallon. Da yamma ya rubuta mata:

"An yanke: kuskure ne. Ki goge. Amma lambata kar ki goge."

Ta amsa: "Na goge. Lambar taka kuma ina kan shawara, Mai Gardama."

"Ina jiran hukunci, Alƙaliya."

Sunayen suka bi su. Kafin Yuni ya ƙare ta riga ta san hanyar Unguwar Gada, inda mahaifiyarsa, Doña Altagracia, ke cika mata faranti da shinkafa da wake da soyayyen agade, ta tsaya a kanta har sai ta cinye.

"'Yar nan ba ta cin abinci a gidansu ne?" Doña Altagracia ta tambayi ɗanta a gabanta.

"Ina ci, Mama."

"Ban ga alama ba. Ƙara."

Abin da ya raba garin gida biyu a wannan bazarar shi ne Orval Teague, mai cafke ƙwallo a bayan mai bugu. Shekara goma sha ɗaya yana durƙusa wa 'Yan Fito, shekarunsa sun kai talatin da huɗu, kwantiraginsa zai ƙare da ƙarshen kakar wasa. Hanya biyu ce a gaban ƙungiya. Ko ta yi musayarsa kafin a rufe ƙofar musaya ranar ƙarshe ta Yuli, ta karɓi matasan 'yan wasa daga wata ƙungiya. Ko ta riƙe shi har ƙarshe, ta yi masa tayin shekara ɗaya, in ya ƙi ya tafi wani wuri a ba ta diyyar gurbi ɗaya a zaɓen sababbin 'yan wasa na baɗi. A wurin aski, a tashar bas, har a ƙofar coci, maganar ke nan.

Elvin yana cikin masu cewa a sayar. Renata ta sani, don haka ran da za ta kai shi gida ta tsayar da shi a bakin mota ta gyara masa wuyan riga.

"Ka yi maganar yanayi, ka yi maganar gwiwarsa, ka yabi abinci. Teague kaɗai kar ka ambata."

"Ko an tambaye ni?"

"Ko an ɗora maka wuƙa a wuya."

Abin da bai gaya mata ba shi ne duk safiyar Alhamis, a hanyarsa ta zuwa aiki, yakan buga waya shirin wasanni na rediyon garin. Bai ɗauke shi a bakin komai ba. Bai kuma san cewa Kaz ba ya kuskure shirin ba.

Sun tarar da tsohon a kan tebur, sandarsa a jingine, ga tulin pierogi, kwaɓaɓɓiyar fulawa da aka cusa wa dankali aka dafa, da soyayyar albasa. A gefensa akwai Duane Kubiak, ɗan maƙwabta mai sayar da motoci, wanda ya shekara uku yana zuwa cin abincin Lahadi da fatan wata rana Renata za ta lura. Duane yana da baiwa ɗaya: kafin Kaz ya rufe baki ya riga ya ce, "Haka ne, Baba."

Elvin ya yabi abinci. Ya tambayi gwiwa. Kaz yana tauna yana kallonsa, kai a karkace kamar mai sauraron injin da ke ƙara.

"Yaro, ce min 'gurbin zaɓe'."

"Na'am, Baba?"

"Ka ji ni. Faɗi."

Elvin ya dubi Renata. Ya faɗa.

Kaz ya ajiye cokali. "Elvin na Unguwar Gada. Kai ne ka ce a rediyo gurbin zaɓe ɗaya tikitin caca ne, wai a sayar da tsohon tun yana da daraja."

"Wane Elvin na rediyo?" Renata ta tambaya, muryarta ƙasa-ƙasa. 

"Baba," in ji Elvin, "in an riƙe shi, yaro ɗaya za a samu, ɗan makaranta, wanda ƙila ba zai taɓa taka babban fili ba. In an yi musaya yanzu, biyu ko uku za a samu waɗanda an riga an ga hannunsu."

"Haba, wannan ai rashin tausayi ne," in ji Duane.

Kaz bai ko kalle shi ba. "Shekara talatin da huɗu na yi ina tuƙa ƙugiyar ɗaga ƙarfe a masana'anta. Wata Juma'a wani yaro mai takalmi mai sheƙi ya zo ya yi mana irin bayanin nan naka. Mai kyau, ba inda za ka kama shi da ƙarya. A shekarar ne Teague ya fara wasa, shi ne dalilin da ya sa nake tashi daga gado." Ya jawo sandarsa ya miƙe. "Mai auna ɗan Adam da gurbin zaɓe ba zai auri 'yata ba. Ran da ta tsufa, guda nawa za ka karɓa a madadinta?"

Elvin ya koma gida da pierogi a leda, domin Renata ko tana fushi ba ta barin baƙo ya fita hannu wofi. Ya rubuta mata:

"Alƙaliya, ban ɓoye miki don mugunta ba. Ban zaci wani na saurarona ba."

"Mutum ɗaya ke sauraronka a garin nan, shi ne kuma ubana. Ka ba ni kwana biyu."

Kwana biyun suka zama sati biyu, domin Duane ya tura mata wata murya da aka naɗa daga rediyo, inda Elvin ke cewa tsofaffin da ke kuka kan Teague su sayi hotonsa su rataya a falo. Ta tura masa ita da layi ɗaya: "Bayan ka ci abincinsa?"

Elvin ya zauna a cikin motar aikinsa ya saurari muryar kansa sau uku. Ba abin da ya kai wannan rashin daɗi, mutum ya ji yadda yake da wayo lokacin da ba shi da abin asara. Ya amsa:

"Na faɗa, ban musa ba. Amma ki saurari ƙarshe, mai shirin yana maganar ƙanƙarar da ta hana wasa. Watan Afrilu ne, ban san ki ba, ban san shi ba. Tun ranar da na fita daga gidanku ban sake buga wa shirin waya ba. Ina kewarki har gardama ta daina yi min daɗi."

Da azahar amsa ta zo: "Na saurara. Afrilu ne. Nima ina kewarka, Mai Gardama. Amma ba zan yi auren da ubana zai zauna a gida ranar ba."

Ranar ƙarshe ta Yuli, saura minti ashirin a rufe ƙofa, 'Yan Fito suka ba da Teague ga wata ƙungiya a can yamma, tafiyar awa biyar, suka karɓi matasa biyu masu jefa ƙwallo. Abokan Elvin suka dinga tura masa saƙon taya murna. Shi kuwa ya kife wayar a kan tebur.

Renata ta kira shi bayan kwana uku. "Baba ya rufe littafin ya sa a aljihun tebur. An yi wasa biyu a gida bai je ba. Jiya kuma Duane ya shigo sanye da riga mai sunan ɗaya daga cikin sababbin yaran, yana cewa gaskiya an yi ciniki. Baba ya kalle shi kawai ya ce ya rufe ƙofa in ya fita."

Ranar Lahadi da sassafe Elvin ya tsaya a ƙofar gidan da tikiti biyu. Kaz ya fito da rigar barci.

"Ka zo ka ji na ce kai ne da gaskiya?"

"A'a, Baba. Teague zai yi wa sabuwar ƙungiyarsa wasa ƙarfe ɗaya. Gwiwarka ba za ta iya tuƙi ba, tawa za ta iya."

Renata ta riga ta fito da takalmansa da littafin. Tsohon ya dubi 'yarsa, ya dubi tikitin, ya ce ba zai yi magana a hanya ba. Ya cika alkawari har tsawon awa ɗaya. Daga nan ya fara gyara wa Elvin tuƙi.

Filin baƙo ne, mutanen baƙi ne, Teague kuma ya fito cikin jar riga da ba ta karɓe shi ba. Sau uku ya tsaya bugu, sau uku aka fitar da shi bai taɓa ƙwallo ba. Duniya ba ta shirya irin waɗannan ranakun don faranta wa kowa. Amma da ya fito karo na huɗu, Kaz ya dafa sanda ya miƙe tsaye shi kaɗai a tsakiyar mutanen da ba su san shi ba, yana tafi a hankali. Elvin ya miƙe kusa da shi, shi ma ya tafa, har wani a baya ya ce su zauna.

Da suka zauna, Kaz ya yi tambaya bai juyo ba. "Da kai ne mai ƙungiyar, har yau za ka sayar?"

Elvin ya san amsar da za ta buɗe masa ƙofa. Duane ya shekara uku yana ba da ita.

"Zan sayar, Baba."

"To me ya sa ka kawo ni?"

"Don ba a bar ka ka yi ban kwana da shi ba. Ko an yi daidai a ciniki, a nan an zalunce ka."

Kaz ya juyo ya dube shi. "Renata fa, ran da ta tsufa?"

"Baba, ina surutu kan 'yan wasa ne don na san baɗi za a zaɓi wasu. Ita ba ni da wata baɗi. In ka hana ni, shi ke nan, ba diyyar da za a ba ni."

Tsohon ya fyace hanci da ƙarfi, ya ɗora laifin a kan rana. "Bakinka ba shi da linzami, amma ba ka ƙarya. Uwarta ma haka take, Allah ya ji ƙanta. Ba za a yi biki ana cikin kakar wasa ba. Nuwamba."

Elvin ya zaro waya ya rubuta wa Renata: "Alƙaliya, babbar kotu ta zauna. Nuwamba."

"Da gaske? Ka dawo min da shi lafiya, kai ma ka dawo min lafiya, mijina. Kuma kar ka bari ya ci gishiri."

An ɗaura auren a cocin unguwar su Renata, aka yi liyafa a zauren da ke ƙasa, dangin amarya a gefe da tsiran alade da kabeji, dangin ango a gefe da ganguna, kafin awa ɗaya kuma ba ka iya raba su. Da aka miƙa wa Kaz makirufo ya miƙe yana riƙe da kafaɗar angon.

"Shekara ashirin da takwas na raine ta. Yau ta koma wata ƙungiya, kuma na bincika, ba ko gurbin zaɓe ɗaya da za a ba ni."

"Ga ɗana nan na ba ka kyauta!" Doña Altagracia ta ɗaga murya daga teburinta. "Ba a dawo da shi!"

Zauren ya ɗauki dariya. Kaz ya jira ta lafa, ya kama hannun 'yarsa ya sa cikin na Elvin, ya riƙe su duka biyu fiye da yadda aka zata.

"Ku tsufa tare," ya ce. "Ran da ɗayanku ya daina iya gudu, ɗayan ya rage tafiya. Allah ya yi muku albarka."

Kowa ya ce amin, har da Duane.