Kyanwoyi Biyar na Dona Ermelinda

"Wata tsohuwa ce a unguwar Lapa, wai an sace mata kyanwoyi biyar da suke bayan faranti," in ji Sufritanda Barradas. "Ke za ki, Graça. Ki tafi da kifi."

Ofis ya kwashe da dariya. Shekara tara ke nan duk ƙarar da maza suka raina, teburin Insfekta Graça Valadão take faɗowa. Ta ja tsaki, ta ɗauki jaka.

Farantin yana rataye a falon tsohuwar. Tangaran ne na ƙasar Sin, da zanen tsohon labarin Girkawa: makiyayi yana miƙa tuffa ga ɗaya daga cikin alloli mata uku.

"Wannan ba nawa ba ne, 'yata," in ji Dona Ermelinda. "Nawa da kyanwoyi biyar a bayansa."

Fausto, ɗan ƙanenta, ya yi ajiyar zuciya. "Kin dai ji, Insfekta. Gwaggo ba ta taɓa kiwon kyanwa ba. Gigin tsufa ne. Jibi likita zai sa hannu a kai ta gidan tsofaffi."

"Uwarka ce mai gigin!"

"Ka taɓa sauke farantin nan?" Graça ta tambaye shi.

"Ni? Ban san ma yadda bayansa yake ba."

Graça ta sauke shi, ta juya. Sumul. Amma a bangon, inda ya rufe, ga tabon tsatsa biyar a jere.

Kakan Graça da gyaran tangaran ya ci abinci, yana bin tituna yana ɗinke fasassun farantai da ƙananan ƙusoshin ƙarfe. Mutanen wancan zamani, kyanwa suke kiran kowace ƙusa. A makarantar 'yan sanda an sha yi mata gorin sana'ar nan.

"Hankalin gwaggonka garau yake. Musanya aka yi," ta ce. "Sai dai ɓarawon sakarai ne. Farantin da ya sha ɗinki, ko mai gwanjo ba ya kallonsa."

Fausto ya yi murmushin raini. "Ku 'yan sanda me kuka sani? Tsohon ɗinki shi ne shaidar asali. Dillalin da kansa ya ce..."

Ya toshe baki da hannu.

"Wane dillali? Kai da ba ka san bayansa ba?"

Ya zube a kujera. "Farantin yana wani shago a titin Rua de São Bento. Gwaggo, ai ni zan gāda! Gaggawa kawai na yi."

"Har da saka ni cikin mahaukata, ɗan banza?"

Graça tana tura shi mota, wayarta ta yi ƙara. Barradas ne.

"Yaya, an ga kyanwoyin?"

"An gan su, Yallaɓai. Har sun kama ɓera. Ka sa a buɗe sel, kifin kuma ka ci abinka."