Auta da Tayar Safaya

Akwai wani yaro, auta a gidansu, wanda bakinsa ya fi hannunsa saurin aiki. In aka ce ya share ɗaki, kafin a nuna masa tsintsiya ya ce ya gama. In aka ce ya wanke kwano, sai ya nuna wa kwanon ruwa daga nesa, ya kife shi. An ce akwai ranar da ya shiga wanka ya fito, sabulun bai san an yi ba.

Babansa yana da wata tsohuwar mota. Ta girmi Auta, ta girmi yayarsa. In za ta tashi da safe sai ta yi tari kamar mai mura, kajin maƙwabta su watse. Amma Baba yana kula da ita, ita ma ba ta taɓa ba shi kunya ba.

Wata rana aka kira Yaya makarantar koyon aikin jinya, a wani birni mai nisa. Rana ɗaya tak aka ware don tantance sababbin ɗalibai. Duk wanda bai iso ba kafin a rufe ofis da yamma, za a ba wani gurbinsa. Yaya ta daɗe tana mafarkin wannan makaranta. Da so samu ne da sun tafi da wuri, to amma wurin aikin Baba ba su sake shi ba sai ranar.

Ana gobe tafiya, da Baba ya dawo daga aiki, sai ya tara kowa a falo. Ya buɗe taswira a wayarsa, ya sa yatsa a kan hanyar.

"Ku duba nan," in ji shi. "Da asuba za mu tashi. A nan za mu sha mai. A nan, bayan gada, za mu tsaya mota ta huce, mu ma mu ci abinci. Daga nan kuma sai wata doguwar hanya. Babu gari, babu gidan mai, babu mai faci. Sai itatuwa da manyan motoci."

"To Allah ya kai mu lafiya," in ji Mama. "Abinci da ruwa a bar mini."

"Ke kuma ki haɗa takardunki tun yau," Baba ya ce wa Yaya. "Ni zan duba birki da ruwan inji."

Auta ya yi tsalle. "Ni fa, Baba? A ba ni babban aiki. Ni ba yaro ba ne."

Yaya ta yi dariya. "A ba ka aiki? Kai da za ka gama shi tun Baba bai rufe baki ba?"

"Bar shi," in ji Baba. "Zo nan, Auta."

Suka fita ƙofar gida. Baba ya buɗe but ɗin bayan mota, ya ɗaga shimfiɗar ciki, ya ciro wata taya.

"Wannan ita ce safaya," ya ce. "Ita ake sakawa in wata tayar ta fashe a hanya. Ta daɗe a kwance, iskarta ta zube. Ka gara ta zuwa wurin mai faci na bakin layi. Ka ce ni na aiko ka, ya ba ta iska. Aikinka ke nan."

"Shi ke nan? Ka ɗauka an gama, Baba!"

Auta ya kama hanya yana gara taya, yana yi mata ƙarar inji da bakinsa. Bai yi nisa ba ya iso filin da abokansa suke buga ƙwallo. Sun sa takalmi a gefe ɗaya na raga, ɗaya gefen kuwa ba su da abin sawa.

"Kai, jama'a!" in ji wani dogo a cikinsu. "Ga turken raga ya zo da ƙafarsa, har da mai tsaron gida!"

"Aike aka yi ni," in ji Auta.

"Haba, ɗan tsaya mana kaɗan. Mai faci guduwa zai yi?"

Auta ya duba can bakin layi. Ga mai faci nan a zaune, ba alamar zai gudu. Sai ya kwantar da taya, ya tsaya a raga.

Ranar kuwa ya tare ƙwallo kamar mai hannu goma. Ta sama ya tare, ta ƙasa ya tare. Har wadda ba ta nufo raga ba sai da ya bi ta ya tare. Bai ankara ba sai da ya ga ƙwallon ta fara ɓacewa a idonsa. Rana ta faɗi.

Ya ɗauki taya ya ruga. Ya tarar mai faci ya ɗaure injinsa na ba da iska da sarƙa, ya kulle, ya tafi gida.

Auta ya tsaya yana kallon injin. Sai ya sa babban yatsansa ya danna tayar. Ya ji ta da tauri.

"A'a, ashe ma tana da iska," ya ce wa kansa. "Baba ne bai duba da kyau ba."

Abin da Auta bai sani ba, tayar mota ko babu iska ko kaɗan a cikinta, ba ta jin yatsan yaro.

Ya dawo gida. Baba yana sunkuye a gaban mota, kansa a cikin inji. Auta ya yi ta kokawa da tayar har ya mayar da ita but, ya rufe ta da shimfiɗa.

"An ba ta iska?" Baba ya tambaya, bai ɗago ba.

"An ba ta, Baba."

"Madalla. Yau ka zama babba."

Yaya da ta ji haka, sai ta shafa kansa. "Na janye maganata, ɗan ƙanena. Gobe kai ne a bakin taga."

Auta ya yi murmushi, amma murmushin bai kai ciki ba.

Da asuba mota ta yi tarinta, suka kama hanya. Komai ya tafi yadda Baba ya tsara. Suka sha mai a inda ya ce. Suka tsaya bayan gada, suka ci abinci. Yaya tana rungume da ambulan ɗin takardunta, tana ta maimaita amsoshin da za ta bayar. Auta ya leƙa ta taga yana kallon shanu da gonaki, har ya manta da wata taya.

Suka shiga doguwar hanyar nan da babu gari. Rana ta take. Can sai suka ji wata ƙara, fam! Mota ta fara ɗingishi. Baba ya riƙe sitiyari da kyau, ya gangara gefen hanya ya tsaya.

Tayar baya ce ta taka wani ƙarfe, ta yage.

"Wayyo Baba, za mu makara!" in ji Yaya.

"Kwantar da hankalinki," in ji Baba. "Don irin wannan aka yi safaya. Autanmu ya gama mana da wannan tun jiya."

"Allah ya yi maka albarka, Auta," in ji Mama.

Auta ya ji kamar an zuba masa garwashi a riga.

Suka sauke kaya. Baba ya sa jak ya ɗaga mota, ya kwance tayar da ta fashe. Ya ba Auta notina ya riƙe. Ɗaya ya kuɓuce masa ya faɗi cikin ciyawa, sai da Mama ta taya shi nema.

Baba ya saka safaya, ya ɗaure ta tamau. Ya fara sauke jak a hankali. Mota tana sauka, taya tana lotsawa. Mota ta ƙara sauka, taya ta ƙara lotsawa. Daga ƙarshe ta kwanta shame-shame, ƙarfenta ya kusa taɓa ƙasa.



Baba ya share gumi. Ransa ya ɓaci.

"Yanzu mai facin nan abin da zai yi mini ke nan? Shekara da shekaru ina kai masa aiki, don ya ga yaro na aika sai ya sallame shi haka? Bari ya ji daga bakina."

Ya ciro waya, ya fara neman lambar mai faci.

"Baba," in ji Auta, murya can ƙasa.

"Bari tukuna."

"Baba, kada ka kira shi. Bai ga tayar ba."

Baba ya sauke wayar. "Me ka ce?"

"Ban kai ta ba. Ƙwallo na tsaya. Da na je ya rufe. Na danna ta da yatsa na ji tauri, sai na ce maka an ba ta."

Auta ya runtse ido yana jiran faɗa. Faɗa bai zo ba. Baba ya dube shi kawai, ya mayar da waya aljihu. Mama ta riƙe haɓa.

Yaya kuwa ta juya masa baya. Ta koma gindin wata bishiya ta zauna, ta ɗora ambulan a cinya. Hawaye suka fara ɗiga a kansa. Ta yi sauri ta goge don kada takardun su jiƙe.

Da Yaya ta zage shi da ya fi masa sauƙi. Ya so ƙasa ta tsage ya shige, amma ƙasar ta ƙi.

"To, tsayuwa ba za ta ba taya iska ba," in ji Baba. "Zo ka tsaya kusa da ni, nesa da kwalta. Mu nemi taimako."

Suka yi ta ɗaga hannu. Mota ta zo ta wuce, fiu. Wata ta zo ta wuce. Wani ma ya ɗago musu hannu, yana tsammanin gaisuwa ce. Inuwar bishiya ta fara tsawo. Auta ya cire rigarsa ta sama yana kaɗawa, har kafaɗarsa ta yi tsami. Bai sauke ba.

Can sai wata tirela ta rage gudu, ta yi huci, ta tsaya a gabansu. Direban ya sauko. Ƙato ne, tumbinsa ya riga shi isowa.

"Sannunku, maigida. Lafiya?"

"Taya ta fashe, safaya kuma babu iska," in ji Baba.

Direba ya zagaya, ya shuri tayar da ƙafa. "Kai! Wannan ai ko numfashin sauro babu a ciki. Wa ya duba muku ita?"

Mama ta kau da kai. Auta ya matso gaba.

"Ni aka aika, Kawu. Ban kai ba, na ce na kai."

Direba ya dube shi daga sama har ƙasa. Sai ya fashe da dariya, har tsuntsayen kan bishiya suka tashi.

"To ka ci sa'a, ɗan samari. Motata da iska take taka birki, ina da ita tanki guda. Zo ka ja mini wannan."

Ya ciro wani dogon tiyo baƙi, ya haɗa bakinsa da tankin iskar tirela. Auta ya ja ɗaya bakin har wurin motarsu. Tiyon ya ɓata masa hannu da riga da baƙin mai, bai damu ba. Baba ya sake ɗaga mota kaɗan, direba ya danna tiyo a bakin taya.

Suka ji shuuu. Taya ta fara kumbura, ta miƙe, ta tsaya da ƙafarta. Baba ya kara kunne ya saurara. Ba ta yoyo.

"Ku tafi a hankali," in ji direba. Ya juya wurin Yaya. "Ke kuma 'yata, share hawayenki. Za ki isa."

Suka yi masa godiya, suka loda kaya. Wannan karon Auta bai nemi taga ba. Ya takure a gefe har suka shiga birni.

Suna isa makarantar, maigadi ya riga ya jawo ƙofa ɗaya. Mota ba ta gama tsayawa ba Yaya ta fice da gudu, takalminta ɗaya a hannu. Ta ɓace a cikin wani dogon gini.

Suka zauna jira. Auta ya matso kusa da Baba.

"Baba, ka yi haƙuri. In aka ba wani gurbinta, ni na jawo."

Baba ya dafa kafaɗarsa. "Laifi biyu ka yi, Auta. Na farko, ka tsaya wasa ka bar aike. Wannan ƙarami ne. Da ka faɗa mini jiya, da safen nan sai mu ba ta iska a gidan mai, shi ke nan. Na biyun ne babba. Ka ce an yi, alhali ba a yi ba. Shi ya hana mu gyarawa."

"Na ji tsoron faɗa ne."

"Faɗan jiya da na yau, wanne ya fi?"

Auta ya sunkuyar da kai. "Yau ma ba ka yi faɗa ba, amma ya fi zafi."

Sai ga Yaya ta fito. Tana tafiya a hankali, fuskarta a ɗaure. Ta zo gaban Auta ta tsaya, ta harare shi. Sai kuma dariya ta ƙwace mata.

"An ɗauke ni! Ma'aikaciyar ofishin tana rufe jakarta na shiga. Ni ce ta ƙarshe!"

Mama ta rungume ta. Baba ya yi ta hamdala. Auta kuwa sai ya fashe da kuka.

"Yaya, ki yafe mini."

"Na yafe," in ji Yaya. "Amma ka sani, ranar da aka koya mana allura, da kai zan fara gwaji."

"Na yarda," in ji Auta yana share hanci. "Amma ƙarama."

Duk suka yi dariya, har da maigadi.

Tun daga ranar Auta ya gane abu guda. In an ba ka aiki, ka yi shi kafin wasa. In kuma ba ka yi ba, ka faɗi gaskiya da wuri, tun ana iya gyarawa.